Mustang ɗin ɗan kawuna da rigimar inda ya kamata a sa giya

Tun ranar da ɗan kawuna ya shigo Zariya da motar nan ake gardama a kanta, kuma abin da ya fi ɗaukar lokacin mutane ba kuɗinta ba ne ko shan manta, maganar giya ce. Ford Mustang GT ce ƙirar 2006, baƙa, mai kuloci, tokumbo daga Amurka, a Legas ya sayo ta. Wanda ya riƙe ta can ya ɗan taɓa ta amma ba sosai ba, ya cire akwatin iska na kamfani ya sa buɗaɗɗiyar matata irin mai kama da mazurarin nan, ya canza salansa daga tsakiya zuwa baya, sannan ya yi wa ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, sabon saiti. 'Yar na'urar da aka yi saitin da ita ma a aljihun dashbod muka tsince ta naɗe da wayarta. Cikin injin kam ba wanda ya buɗe.

Ni rewaya ne, aikin waya da sikana nake yi, shi ya sa bayan kaman wata biyu ya same ni a shago fuskarsa ba walwala. Ya ce "Yaya, motar nan kuka kawai take yi, in na taka ta ƙara har unguwa ta ji amma ni ban jin tana ja yadda ake faɗa, da ta wuce dubu biyar sai ta yi sanyi." Dubu biyar ɗin juyin injin a minti yake nufi, wanda allurar dashbod ke nunawa. Na tambaye shi a ina kake sa giya, ya ce a 4500, don wai a nan ne yake jin ta manna shi da kujera. Ogan garejin da yake kai ta wajen Kwangila, dattijo ne da ya shekara arba'in a cikin injuna, shi kuma ya ja masa kunne cewa kada allura ta wuce 4000 in dai yana so injin ya yi masa kwana. Abokansa na Samaru suka ce a'a, sai allura ta shiga ja tukuna. Mutum uku magana uku, ba kuma wanda ya ɗauko biro ya lissafa.

To ni da biro na fara. Injin motar V8 ne mai lita 4.6, bawul uku kowace silinda, kuma kamfani ya ce yana ba da ƙarfin doki 300 a juyi 5750 a minti, ƙarfin murɗa kuma 320 a ma'aunin Amurkawa na fam-ƙafa a juyi 4500. Ka ga kenan ɗan kawuna bai yi ƙarya ba, jikinsa ya gaya masa gaskiya, a 4500 ɗin ne injin ya fi murɗa. Inda ya ɓata shi ne ya manta cewa taya ba daga injin take karɓar ƙarfi kai tsaye ba, sai ya bi ta giyabos tukuna, shi kuma giyabos ninkawa yake yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai faci ya ga yadda yake zura dogon bututu a sifana in noti ya ƙi kwancewa, hannun ɗaya ne, ƙarfin mutumin bai ƙaru ba, tsawon bututun ne ya yi aikin. Giya ta ɗaya ita ce dogon bututun, duk giyar da ka ƙara ka gajarta shi ne.

Giyabos ɗin motar Tremec ne, TR-3650, mai giya biyar. Ta ɗaya tana ninka ƙarfi sau 3.38, ta biyu 2.00, ta uku 1.32, ta huɗu 1.00, ta biyar 0.68, sannan aksul ɗin baya ya sake ninka duka sau 3.55. Tayoyinta 235/55R17 ne, zagayensu kusan mita 2.17. Da waɗannan lambobin kaɗai za ka iya sanin abubuwa da yawa kana zaune a benci. Misali in ya sa giya ta biyu a 4500, motar tana gudun kilomita 49 a awa kenan, allura za ta faɗo zuwa wajen 2660, ƙasa can inda injin bai gama farkawa ba. In ya bari ta kai 6000 kuwa gudun ya kai kilomita 65, allura ta sauka a 3550.

Amma lissafin da ya rufe bakin kowa shi ne wannan, kuma na yi masa shi a bayan kwalin filogi. Na ce mu ɗauka ma ka yi sa'a, kana shiga giya ta biyu ka faɗa daidai inda injin ya fi ƙarfin murɗa, wato 320, ka ninka da 2.00 ka samu 640, iyakar abin da giya ta biyu za ta iya ba ka kenan duk duniya. To a giya ta ɗaya fa? A 5750, inda ƙarfin doki 300 yake, murɗar injin ta ragu ta koma wajen 274, gaskiya ne ta ragu, amma ninka ta da 3.38 ka gani, 926. Injin da ya fara gajiya a giya ta ɗaya ya fi injin da ke kan ganiyarsa a giya ta biyu tura mota, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Kafin sauya giya ya zama riba sai murɗar ta faɗi ƙasa da 190, abin da ba zai faru ba kafin ƙwaƙwalwar motar ta yanke mai da kanta a wajen 6250. Daga ta biyu zuwa ta uku ma haka ne, sai murɗa ta sauka ƙasa da 211, lafiyayyen injin irin wannan bai faɗuwa haka kafin iyaka. Sai a tsakanin ta uku da ta huɗu ne abin ya matso, don tazararsu ƙarama ce, in ka sa a 6000 allura a 4545 take sauka, daidai kan ƙarfin murɗa, kuma a nan sai murɗa ta sauka ƙasa da 242 sauyin zai zama riba, don haka tsakanin 6000 da 6200 ne ƙarfin giyoyin biyu yake zuwa daidai.

Na ji daɗin lissafin nan sosai, na ce masa abokanka sun fi kusa da gaskiya. Shi kuma ya dage ya ce "Yaya, ni dai na san abin da nake ji, bayan dubu biyar motar nan ba ta da komai." Maganar ta tsaya mini a rai don yaron ba mai ƙarya ba ne, kuma lambobin da na yi amfani da su na sabuwar mota ne a ƙasar da aka ƙera ta, ba na wadda ta kusa shekara ashirin da ƙerawa, ga shi kuma tana shan man gidan mai na Sabon Gari a zafin watan Afrilu ba. Ko tsayin gari ma yana da nasa, Zariya tana sama da teku da mita ɗari shida da wani abu, injin da ba shi da turbo kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300, sai dai wannan ragin ko'ina yake taɓawa daidai, bai cika matsar da wurin sa giya ba. Dole akwai wani abu daban.

Sai muka nemi wurin gwaji, kuma nan ne na kafe. Giya ta biyu a 6000 kilomita 110 ce a awa, ta uku a 6000 ta kai 167. Ba zan zauna a motar da ake wannan a hanyar Kano ko ta Funtuwa ba, hanyar da tirela da tanka da 'yan acaɓa da shanu duk suke rabawa, ga ramin da ba ka ganinsa sai ka zo kansa, ga shi doka ma ba ta ba ƙaramar mota fiye da kilomita 100 ba ko a babbar hanya. Mun binne mutane da yawa saboda gudu a hanyoyin nan, ban shirya ƙara ɗan kawuna a ciki ba. Allah ya taimake mu wani aminin Kawu yana da gona a bayan Shika mai get, da kwalta miƙaƙƙiya daga bakin get zuwa sito da ta kai mita ɗari shida, ya ba mu izini. Muka share yashin da tsintsiya, muka tsayar da mutum ɗaya a kowane ƙarshe saboda awaki. Na yanke cewa giya ta ɗaya da ta biyu kawai za mu gwada, ta uku zuwa ta huɗu a takarda za ta tsaya.

Na jona 'yar na'urar OBD, mai karanto bayanai daga ƙwaƙwalwar mota, a ƙarƙashin sitiyari, na buɗe manhajar FORScan a laftof ina ɗaukar juyin injin da gudu da taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, da zafin iskar da injin yake shaƙa. Gwajin farko da rana muka yi, wajen ƙarfe biyu, ya sa giya ta biyu daga juyi 2000 ya take totur har ƙasa. Tun kafin in duba laftof kunnena ya ji, da allura ta wuce 5000 akwai wata 'yar ƙara siririya a ƙarƙashin kukan salansa, kaman ana zuba tsakuwa a gwangwani. Da na duba sai ga shi ƙarara, ƙwaƙwalwar motar tana ja da taimin baya daidai wurin, iskar da ke shiga kuma ta haura digiri 60 bayan mun ɗan tsaya da injin a kunne, don buɗaɗɗiyar matatar nan ba abin da ya raba ta da zafin injin da na lagireto, iskar cikin bonet kawai take zuƙa.

A nan sai in ɗan tsaya, don kalmar da ake kiran wannan ƙarar da ita, wato nokin, tana rikita mutane. In bakanikenmu ya ce injin ya yi nokin yana nufin ya ƙone ya kama, an gama. Wannan da nake faɗa wani abu ne kafin a kai can, man da ke cikin silinda ne yake fashewa da kansa ba a kan tsari ba saboda zafi da matsi, yana dukan kan fistin. Injin yana da na'urorin da ke jin wannan dukan, da sun ji sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wutar filogi don ta ceci injin, jinkirin nan kuma shi ne ƙarfin da ke tafiya. Abin da ɗan kawuna yake ji a bayansa kenan in ya ce ta yi sanyi. Kuma in aka daɗe ana matsa mata a haka, ƙaramin dukan nan shi ne yake kai wa ga nokin ɗin da Oga yake tsoro, don haka dattijon ma da hujjarsa, kunnensa ya ji abin da bai da na'urar nuna shi.

Da muka kunna na'urar saitin da ke aljihun dashbod sai asiri ya tonu. Saiti uku ne a ciki, an rubuta 87 da 91 da 93, kuma na 93 ne a kan motar. Ɗan kawuna ya ce "to ai ba matsala Yaya, an ce man mu 91 ne, 91 da 93 ai kusan ɗaya ne." Wallahi wannan kuskuren ya ci injuna da yawa a ƙasar nan. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Mu da Turai ma'aunin jure matsi na fetur da ake kira RON ake faɗa, Amurka kuwa lambar da ke jikin famfonsu tsaka-tsaki ce tsakanin RON da wani ma'auni da ake kira MON, don haka tana fitowa ƙasa da tamu da kaman maki huɗu ko biyar. 87 ɗinsu shi ne wajen 91 ɗinmu, 93 ɗinsu kuwa ya kai wajen 98. Wato an saita motar don man da ba ta taɓa sha ba tun da ta sauka daga jirgin ruwa. Alhali kamfani da man 87 ɗin ya ƙera injin ya yi aiki, wato daidai da wanda muke da shi.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Na tabbatar batir ya cika don kada wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta wa ƙwaƙwalwa, na mayar da ita saitin 87, na bar iyakar juyi inda kamfani ya sa ta don injin ya yi tafiya mai nisa, ba na son a ɗora masa abin da ya fi haka. Muka kai wa wani mai walda ya yanka mana falle na alminiyam ya killace matatar, ta koma shan iska daga gaba ta gefen fitila. Na wanke na'urar auna iska da ke cikin bututun don ƙurar hunturu duk ta manne mata. Oga ya sa hannu a nan da kansa, ya canza baƙin mai, ya so ya zuba mai kauri irin wanda ya saba amma na roƙe shi ya bi abin da aka rubuta a murfi, 5W-20, don injin yana amfani da matsin man wajen juya taimin ɗin bawul. Ya yi ɗan gunaguni ya ce yaran zamani, amma ya zuba.

Muka koma gonar bayan kwana huɗu, wannan karon da asuba bayan an idar da salla, sannan muka sake maimaitawa da rana don a kwatanta da na farko. Ƙarar tsakuwar ta tafi. Taimin ya tsaya cak har sama, sai ɗan motsi kaɗan da rana wanda bai kai a damu ba, motar kuma ta ci gaba da ja har ta wuce 6000 ba tare da sanyin nan ba. Ɗan kawuna ya tsaya a bakin sito ya juyo ya kalle ni bai ce komai ba, dariya kawai yake yi yana dukan sitiyari.

Sannan muka shiga ainihin gwajin. Ban yarda a tashi daga tsaye ba don tayoyin baya sun tsufa, lambar jikinsu ta nuna sun haura shekara bakwai, da ya saki kuloci da ƙarfi sai su yi ta juyawa a banza, kowane tashi da irin nasa sakamakon. Sai muka riƙa farawa daga kilomita 20 a giya ta ɗaya zuwa 100 a ta biyu, kowane wuri sau uku, da hutu a tsakani don injin ya huce, lokacin kuma daga na'urar OBD nake ɗauka don GPS ɗin waya sau ɗaya a sakan yake sabunta kansa, bai isa wannan aikin ba. Sa giya a 4500 shi ne ya fi kowanne jinkiri. A 5300 an samu sauƙi. A wajen 6100 ya fi duka, tazararsa da na 4500 ta kusa rabin sakan, a ɗan gajeren tafiyar da duka ba ta wuce 'yan sakanni ba. Takarda da kwalta suka yi daidai.

Sai dai wata matsala ta fito wadda biro bai nuna ba. Da na ce masa ka sa a 6100, sau biyu a jere yana dukan iyaka, motar ta yi tuntuɓe kaman an shaƙe ta, lokacin ya lalace har ya fi na 5300 muni. Ya rantse shi a 6100 ya sa. Da na duba bayanan sai na gane, a giya ta ɗaya injin yana hawa da kusan juyi 2000 a kowane sakan, allurar dashbod kuma tana biyo baya, ga ɗan lokacin da ido zai gani ƙafa ta taka kuloci. Kwata na sakan kaɗai juyi 500 ne. Don haka in yana son giyar ta fita a 6200, tun allura tana 5700 zai fara motsi. A giya ta biyu hawan bai kai rabin haka sauri ba, kwata na sakan wajen juyi 200 ne, sai ya fara a 6000, gudun kuma wajen kilomita 113 ne lokacin da giya ta uku za ta shiga, allura ta sauka kusa da 4100. Wannan sau biyu kawai muka gwada shi, yana shiga ta uku ya ɗaga ƙafa ya taka birki don hanyar ta kusa ƙarewa. Na sa masa manhaja a waya da ke yin ƙara in juyi ya kai inda aka saita, don idonsa ya zauna a kan hanya.

Abin da na rubuta masa a ƙarshe kenan a takarda ya manna a gefen mita: ɗaya zuwa biyu fara a 5700, biyu zuwa uku fara a 6000, uku zuwa huɗu wajen 6000 amma wannan lissafi ne kawai, na ja layi a ƙarƙashinsa na rubuta ba a hanyar jama'a ba. In da rana ce tsaka kuma motar ta daɗe a cunkoso wajen PZ ko Ƙofar Doka, ya rage 300 daga kowanne har sai ta sha iska. In kuma ya sake jin ƙarar tsakuwar nan ko sau ɗaya, ya ɗaga ƙafa ya kira ni, don mai yana bambanta daga wannan gidan mai zuwa wancan.

Na kai wa Oga takardar ya karanta a hankali, ya ce "to Malam, na ji lissafinka, amma zuwa kasuwa fa?" Na ce Baba zuwa kasuwa maganarka ce ke aiki, har ƙasa da haka ma, tsakanin 2000 da 2500 ya ishe shi, injin mai lita 4.6 bai buƙatar a yi masa ihu kafin ya ja mota mai nauyin kilo 1600, kuma a giya ta biyar kilomita 100 wajen juyi 1850 ne kawai, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ai ba wanda sai an koya wa wannan. Ya gyaɗa kai ya ce a bar masa kwafi, akwai wani mai irinta da ke zuwa daga Kaduna lokaci-lokaci.

Abin da ya rage yanzu tayoyin baya ne, ɗan kawuna ya ce sai ƙarshen wata zai iya sayen sabbi guda biyu, kuma na ce masa in girman ya canza ko kaɗan ya faɗa mini don lambobin gudun za su motsa. In damina ta kama iska ta yi sanyi za mu koma Shika a ranar da kwalta ta bushe mu ga ko saitin 87 ɗin zai bar giya ta biyu ta kai 6200 da rana ba tare da taimin ya motsa ba.